Kuka Mai Tsawon Taƙi Ɗaya

Na san shafukan mujallarmu sun saba ɗaukar nazarin waƙa da karin magana da nahawu, to ni yau ina neman izini in ɗan ratse, in yi magana a kan wani aiki da nake yi a lokacin hutu, wanda abokan zamana suka raɗa wa suna wasan yara. Aikin kuwa shi ne ƙera 'yan ƙananan bishiyoyi da waya da gam, irin waɗanda ake kafawa a gefen ƙaramin layin dogo da ake shimfiɗawa a kan tebur. Mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni har ƙarshe, domin maganar ta shafi karatun da ya tara mu a wannan sashe fiye da yadda za a zata.

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai mutane, har da dattawa masu furfura, waɗanda abin sha'awarsu shi ne su gina ƙaramin layin dogo a cikin gida, da tasha da gada da taragai da kan jirgi mai tafiya da lantarki. Abin ya daɗe. Tun a 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya tsara ma'aunin faɗin layi, don taragon da aka saya bana ya hau layin da aka saya bara. A Ingila kuma Frank Hornby ya fara fitar da nasa jiragen a 1920. Yau a birnin Hamburg akwai wani gida da ake kira Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001, inda jama'a ke biyan kuɗi su kalli garuruwa da duwatsu da jirage cikin ƙanƙanin siffa, 'yan bishiyoyin da ke ciki kuwa sun haura 100,000. Mu ma abin bai zama baƙo sarai a gare mu ba, gama duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ga yara suna haɗa motar kara da motar waya, har da ƙofa mai buɗewa da sitiyari mai juya ƙafa. Bambancin kawai shi ne su can sun sa wa abin ƙa'ida, sun kuma ci gaba da yinsa bayan sun girma.

Ƙa'idar ita ce ma'auni. A ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya, wanda suke kira HO, ana rage kowane abu sau 87, watau mutum mai tsawon mita 1.7 bai cika santimita 2 ba. Mutanen Ingila sun fi son nasu mai suna OO, mai ragi sau 76, masu ƙarancin wuri kuma su ɗauki N, mai ragi sau 160. Tsohon layin dogonmu, wanda ya iso Kano daga Baro a 1911, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, watau milimita 1,067. In an rage shi sau 87 sai ya koma milimita 12 da 'yan kai. Layin da aka fi sayarwa, mai milimita 16.5, shi ya yi daidai da mai faɗi irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016.

Duk wannan lissafi ne, mai rula da alƙalami zai iya. Jirgi da tasha da gada hannun mutum ya yi su, da kusurwa da miƙaƙƙen layi, saboda haka wani hannun yana iya maimaita su in ya sami awo. Bishiya ita ce inda rula take ƙarewa. Babu biyu da suka yi kama, ko da uwa ɗaya ta zubar da irinsu, kuma ba ta da wani gefe da za ka ce nan ne gaba. Amma ita ce take gaya wa mai kallo a wace ƙasa jirgin yake tafiya. Ɗauki kan jirgi guda, ka kewaye shi da dogayen itatuwa masu tsini, kowa zai ce Jamus ce. Ka cire su ka kafa kuka ɗaya da gawo biyu, kowa zai ce gida ne.

Abin da nake ginawa ƙaramar tashar ƙauye ce, irin waɗanda ke tsakanin Zariya da Kano, kamar yadda take a shekarun 1950 lokacin da gyaɗa take ci. Faifan katakon da na shimfiɗa ta a kai bai wuce girman ƙyauren ɗaki ba. Kamfanonin waje suna sayar da bishiyoyi a cikin fakiti, a buɗe a kafa, amma itatuwan ƙasashensu ne. Ban taɓa cin karo da fakitin da aka rubuta wa gawo ko ɗorawa ba. Wanda yake son ƙasar Hausa a kan teburinsa, sai ya zage damtse ya yi da kansa.

Hanyar da masu wannan aiki suka fi amincewa da ita ita ce ta murɗa waya. Za ka sami guntun tsohuwar wayar lantarki mai silli da yawa a ciki, ka feɗe robar ka fitar da jan ƙarfen. Ka tattara silli kamar 40 ko 60, ka daidaita tsawonsu, ka kama da filaya ka murɗe su wuri ɗaya daga ƙasa, ka sami gindi ke nan. A can ƙarshen ƙasa ka baje 'yan kaɗan su zama saiwoyi, ka bar wasu a miƙe don cusawa cikin katako. Daga sama sai ka raba damin gida 3 ko 4, ka murɗa kowanne, su ne manyan rassa. Kowane reshe ka sake raba shi, haka haka har ka kai ga silli ɗaya tak. Akwai hikima a ciki. Mai zanen nan na Italiya, Leonardo da Vinci, wanda ya rasu a 1519, ya lura cewa in aka haɗa kaurin rassan bishiya wuri ɗaya za a sami kusan kaurin gindin da suka fito daga gare shi. Damin waya yana bin wannan ƙa'ida da kansa, tun da sillin da ke cikin rassa su ne dai waɗanda ke cikin gindi.

Bayan nan sai ɓawo. A kwaɓa farin gam na kafintoci da garin katako da aka tankaɗe, a shafa da buroshi sau 2 ko 3, ana bari yana shan iska, har murɗin wayar ya ɓace. Kafin shafi na ƙarshe ya bushe sai a ja masa zane da allura, gwargwadon kaushin itacen da ake nufi. Wajen fenti ne ido yake fara gardama da abin da aka saba. Tambayi kowa launin jikin bishiya, zai ce maka ruwan ƙasa, don haka muka zana a firamare. Fita ka duba da kyau: mafi yawansu toka-toka ne. Jikin kuka sumul yake, ruwan toka mai ɗan sheƙi. Na tsamiya ya fi duhu, duk ya tsattsage. Ƙananan rassan gawo kuwa fari-fari ne.

Ganye shi ne na ƙarshe. Turawa suna amfani da gashin doki da aka haɗa da roba, ko wani zare mai kama da auduga, su shimfiɗa a kan rassa, su fesa gam, su barbaɗa garin soso mai launi. Ni soson wanka na gargajiya nake tsattsagawa siriri-siriri ya tsaya a madadin gashin dokin. Garin kuwa daga tsohuwar katifa nake samu: a goga ta a magogi, a rina da kore iri uku, mai duhu da matsakaici da mai haske, a shanya, a tankaɗe. Mai duhun a ƙasa da ciki, mai hasken a sama inda rana ke bugu. Busasshen ganyen shayi da aka gama amfani da shi ya isa ya zama ganyen da ya zube a gindi. Babban abin kiyayewa shi ne kada a cika. Bishiyar gaske ana hango sararin sama ta tsakanin ganyenta, tsuntsu yana ratsawa ya wuce. Wadda aka cushe ta zama dunƙulen tuwo a kan tsinke.

Sai kuma tsawo. Kuka mai mita 15 in an rage ta sau 87 za ta zama santimita 17, watau kusan taƙi ɗaya na babban mutum, alhali tarago bai kai santimita 5 ba. Da yawa daga masu farawa sukan ji tsoron wannan, su yi bishiya daidai rufin tasha. Amma wanda ya taɓa tsayawa a gindin rimi a Zariya ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi, ya san inda gini yake tsayawa da inda itace yake kaiwa.

To, duk abin da na faɗa zuwa yanzu ana samunsa a littattafan Turawa. Inda littafin yake ƙarewa shi ne inda itatuwanmu suke farawa, gama kowanne da halinsa. Tsamiya ba ta da gardama, tana bin hanyar waya sak, sai dai a yi mata kai mai faɗi da duhu, rassa suna sunkuyowa. Kuka kuwa ta karya ƙa'idar Leonardo: gindinta rumbun ruwa ne, ya kumbura ya wuce hankali, sa'an nan rassan su tsuke nan da nan. Dole a sa guntun itace ko totuwar kara a tsakiya, a naɗe shi da waya, kafin a sami wannan ƙiba. Har wa yau kukar da ke kusa da gari ba ta kama da ta dawa. Ta gari an sha sassabe rassanta don ganyen miya, sun zama dungu-dungu kamar yatsun da aka dunƙule, gindinta kuma yana ɗauke da tabon inda aka ɓare ɓawo don tufka igiya. Kukar bakin tasha in ba ta da wannan tabo, to ba ta zauna da mutane ba.

Goruba ita ce mai lissafi. Gindinta yakan rabu biyu daidai, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, saboda haka in ka fara da silli 16 sai ka raba 8 da 8, sa'an nan 4 da 4, sa'an nan 2 da 2. 'Yar'uwarta giginya ba ta reshe ko kaɗan. Sanda ɗaya ce miƙaƙƙiya, da ɗan kumburi sama da tsakiya, ganyenta kamar mafici, sai a yanka shi da almakashi daga takarda, a bar busassu suna reto a ƙarƙashin ɗanyu. Rimi yana buƙatar faffaɗan fukafukan nan na gindinsa, waɗanda nake yankawa daga kwali, rassansa kuma a kwance suke fita, hawa-hawa. Ɗorawa gajeren gindi gare ta da faɗin kai, in lokacin furenta ne kuma a rataya mata 'yan jajayen ƙwallaye da zare.

Bayan siffa akwai lokaci. Tebur ɗaya ba ya ɗaukar damina da rani tare. Gyaɗa bayan kaka ake tara ta a tasha, saboda haka tun da na jera buhuna a bakin layi, na riga na zaɓi rani. Dole kukata ta tsaya tsirara ba ganye, ciyawa ta bushe, gonaki su zama kututturen kara. Gawo kuwa a lokacin ne yake kore shar, domin shi da damina yake zubar da ganye, ya tsiro da rani, akasin sauran itatuwa. Wanda ya sa kuka da gawo duk da ganye a faifai ɗaya, kowane manomi zai gane bai taɓa riƙe fartanya ba. Kuma tun da rani ne akwai hazo, saboda haka bishiyoyin baya sai a yi su ƙanana, a dusashe launinsu, ido ya ɗauka nesa ce.

Akwai kuma tarihi. Bishiyar da ta fi yawa a titunanmu yau, wadda wasu ke kira darbejiya, wasu dogon yaro, wasu maina, wasu bedi, baƙuwa ce. Asalinta ƙasar Indiya da maƙwabtanta, sai wajen ƙarshen shekarun 1920 aka fara dasa ta a Borno. Wanda yake gina tashar Kano ta 1912 ba shi da ikon kafa ko ɗaya. Ni da nake a shekarun 1950 ina iya jera 'yan matasa a gaban gidan ma'aikatan tasha, a layi, don dasa su aka yi.

Wannan aiki ya sa na zama mai yawan zama a gaban itatuwa da takarda da fensir. Wata rana ina zana wani gawo a gonakin bayan garinmu, sai wani dattijo ya tsaya ya ce, "Samari, lafiya kake kallon itace tun hantsi?" Na ce, "Lafiya lau, Baba, siffarsa nake ɗauka." Ya yi dariya, ya ajiye gatarinsa, ya ce in haka ne in lura da inda yake tsaye, ba siffarsa kaɗai ba. Ya nuna mini cewa gawo a tsakiyar gona ake barinsa, ɗaya nan ɗaya can, don gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa: ganyensa yana zuba ya zama taki daidai lokacin shuka, ba ya tare wa shuka rana da damina, da rani kuma dabbobi su taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar kashi. Daga inda muke tsaye ya riƙa nuni da hannu yana kiran suna: marke, kanya, aduwa, magarya, ɗinya, bagaruwa, kalgo, sabara. Wasu kuma ya nuna gurbinsu kawai, ya ce nan da akwai ƙirya, can da akwai maɗaci, sun tafi gawayi da itacen girki.

A nan ne maganar ta dawo kanmu, mu ɗaliban Hausa. Harshenmu cike yake da itatuwa. Muna haddace "inuwar giginya, na nesa ka sha sanyi", mu rubuta ma'anarta a jarrabawa mu ci maki. Ranar da na gama giginyata ta farko na haska mata tocila daga gefe, na ga inuwar ta tsallake gindin ta faɗa can bayan layin dogo, a ranar na ga abin da wanda ya fara faɗin maganar ya gani. Kowa ya san ana yi wa Sardauna Ahmadu Bello laƙabi da Gamji, amma mu nawa ne a ajinmu za su iya shiga daji su nuna gamji, su bambanta shi da durumi da ceɗiya da ɓaure? Sunayen wurarenmu ma haka: Ɗorayi, Giginyu, Kurna, Rimin Gado, Unguwar Rimi, har da Kukawa ta Borno. Kowane suna shaida ne cewa wata bishiya ta taɓa tsayawa a wurin har aka san shi da ita. Tun a 1916 wani likita ɗan Sikotland, J. M. Dalziel, ya wallafa littafin sunayen tsirrai da itatuwa na Hausa, ƙamusun Bargery na 1934 kuma ya tattara da yawa. Sunayen suna nan a kan takarda. Abin tsoro shi ne a wayi gari kalmar tana cikin ƙamus, itacen ya tafi murhu, dattijon da ya san su duka biyun kuma ya riga mu gidan gaskiya. Kalmar da ba a san abin da take nufi da ido ba, ɓawo ce ba ƙwaya.

Wani abokina ya taɓa tambayata ko wannan aiki bai shiga cikin yin surar da aka hana ba. Tambaya ce mai kyau, malamai kuma su ne masu fatawa. Abin da na sani shi ne ya zo a cikin Buhari da Muslim cewa wani mai sana'ar sura ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya gargaɗe shi game da surar abu mai rai, ya kuma nuna masa cewa in ba makawa to ya yi bishiya da abin da ba shi da rai.

Masu cewa wasan yara ne kuma, ga labarin da nake ba su. Wani mutumin Ostareliya mai suna Roye England ya zo Ingila yana saurayi, ya ga ƙauyukan ƙasar suna sauya kama, ana cire rufin ciyawa ana rushe tsofaffin gidaje. Sai ya shiga auna su yana ɗaukar hotonsu, yana gina su a ƙaramin ma'auni. A 1954 ya kafa gidan tarihi na Pendon kusa da Oxford, inda har yau ake zuwa a ga yadda karkarar wannan yanki take a shekarun 1920 da 1930, da gonakinta da itatuwanta da jirginta. Abin da ya fara kamar wasa ya zama ma'ajiyar tarihi, don kawai mutum ɗaya ya tsaya ya duba da kyau kafin abin ya wuce.

Ban ce kowa ya nemi filaya da waya ba. Abin da nake roƙo ya fi haka sauƙi. In an yi hutu, kowane ɗalibi ya zaɓi bishiya ɗaya a garinsu, ya zauna gabanta ko da na yini ɗaya ne. Ya dubi yadda take reshe da launin jikinta da lokacin da take zubar da ganye. Ya tambayi tsofaffi, maza da mata, sunan furenta da 'ya'yanta da ƙwallonta a karin harshen garin, da abin da ake yi da ita, da karin magana ko kirarin da aka yi mata, ya rubuto wa wannan mujalla. In muka yi haka shekara uku a jere, za mu tara abin da na baya za su gode mana. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma raya mana itatuwanmu da harshenmu.